Kirarin Jatau a Kan Dutsen Ƙasar Sin

Wani mutum ne a Kano, ana ce masa Alhaji Jatau Mai Tayil. In ka shiga kasuwar 'yan kayan gini ba sai ka tambayi shagonsa ba. Tsaya kawai ka kasa kunne. Inda ka ji murya ta danne ƙarar janareto, to can ne.

Ƙato ne jibgege. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, sai an ɗan jima sannan shi ya iso. Ga shi Allah ya hore masa baki. Babu inda bai taɓa zuwa ba, babu abin da bai taɓa yi ba. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa kwana da ita a rami ɗaya. In ka ce kanka na ciwo, nasa ya taɓa darewa biyu, ya ɗaure da rawani ya ci gaba da ciniki.

Amma abin da ya fi cika baki a kai shi ne ƙafa.

"Mu jikokin fatake ne," in ji shi, yana bugun ƙirji dim-dim. "Kakana a ƙasa yake zuwa Gwanja ya dawo, goron bai ko yi yaushi ba. Ni nan da kuke gani, kullum kafin in karya kumallo sai na hau Dala na sauko, na hau Goron Dutse na sauko."

Alhali kowa ya san daga shagonsa zuwa masallacin kasuwa bai fi taku hamsin ba, amma a kan babur ake kai shi.

To 'yan kasuwar nan suna da ƙungiya, kuma duk shekara sukan haɗu su tafi ƙasar Sin saro kaya. Suna da madugu, wani dattijo mai suna Alhaji Na'iya. Shi ke zaɓen masauki, shi ke magana a madadin kowa in an shiga masana'anta, shi ke raba gardama. Yana da wata sanda mai kan azurfa da ya gada daga madugun da ya gabace shi, ba ya tafiya sai da ita. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da ita, har gwiwoyinsa suka gaza. Kafin a tashi tafiyar bana ya sanar cewa wannan ce ta ƙarshe, zai miƙa sandar ga wani.

Mutum biyu suka nuna suna so. Na farko Jatau, wanda tun kafin a hau jirgi ya riga ya gaya wa iyalinsa da maƙwabtansa da mai wankin hularsa cewa da sanda zai dawo. Na biyu kuwa taubashinsa ne, ɗan ƙanin mahaifiyarsa, Malam Ilu mai sayar da kan famfo. Ilu siriri ne kamar muciya, ba shi da yawan magana. Amma in ya jefa kalma ɗaya, sai ta kwana uku tana yi wa Jatau ƙaiƙayi.

Da aka gama saro kaya, aka cika kwantena, sai Alhaji Na'iya ya tara su ya ce, "Shekara da shekaru muna zuwa ƙasar mutane, ba mu san komai ba sai shago da otal. Kafin in ajiye sandar nan ina so in ga inda kakanninsu suka zauna."

Suna da tafinta, wani Basine mai kimanin shekara hamsin, Mista Wu. Ya yi shekara goma sha biyu a Kano yana harkar atamfa, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibi. Su dai Na-Kwari suke kiransa, don a kasuwar Kwari ya yi harkar. Shi ya ba da shawarar wani tsohon birni da ke gindin wani babban dutse. Ya faɗi sunan garin sau uku, harsunansu suka ƙi juyawa, sai suka sa masa Birnin Gindin Dutse suka huta.

"Can?" in ji Jatau. "Ai na san shi kamar tafin hannuna."

"Yaushe ka je, taubashi?" in ji Ilu.

"Kana ƙauye kana kiwon awaki a lokacin."

Suka hau jirgin ƙasa mai gudu kamar walƙiya, kafin azahar sun isa.

Gari kam ya amsa sunan gari. Ganuwarsa ta dutse ce, faɗinta ya isa motoci biyu su gifta juna a kai. Ƙofofinsa manya, an ɗora musu soraye masu rufin da bakinsa ya lanƙwashe sama kamar ƙahon rago. Lungunan ciki an shimfiɗe su da duwatsu da ƙafafun mutane suka goge har suna sheƙi. Ga jajayen fitilu na takarda suna lilo a bakin kowane gida. Ga tsofaffi zaune a inuwa suna rubutu da buroshi, ba sa ko ɗaga kai. Har wani daɗaɗɗen masallaci suka shiga, gininsa irin na mutanen wurin, amma ga ayoyi nan a jikin katako da rubutun Larabci. Suka yi salla a ciki. Alhaji Na'iya ya daɗe yana shafa ganuwar nan da tafin hannu.

"Allah sarki," ya ce. "Dubi yadda suka riƙe nasu. Mu tamu badalar muna kallo ana ɗibarta ana buga bulo."

Jatau bai bar maganar ta sauka ba. "Baba Alhaji, wannan ganuwar ai wancan zuwan da gudu na zagaye ta. Sau biyu. Har wani soja ya sara mini."

Kowa ya ci gaba da kallon ganuwa.

Da la'asar Na-Kwari ya kai su wani tsohon gidan shayi. Wata mata ta zo da buta da ƙananan kofuna kamar na wasan yara. Ta zuba ruwan zafi a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ta jujjuya, ta juye duka a wani babban kwano, ta tura kwanon gefe. Gefen kuwa ya zamana gaban Jatau ne.

Jatau ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Kun gani? Al'adarsu ce. Babban kwano na babban baƙo ne. Sun san mutum da gani."

Ya ɗauka da hannu biyu, ya kafa kai. Ƙwat, ƙwat, ƙwat! Ya dire kwano, ya lashe baki.

"Kai! Wannan shi ne shayi. Ba irin ruwan bunun da Ilu ke sha a bakin tasha ba."

Matar ta tsaya da buta a hannu, ta saki baki. Na-Kwari ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ruwan wankin kofuna ne fa. Yanzu za ta zuba shayin."

"Na sani!" in ji Jatau. "Da gangan na sha. Maganin sanyin ƙashi ne."

"Ashe haka ne," in ji Ilu. "To kwantar da hankalinka, taubashi. In mun koma zan sa a riƙa tara maka na gidana. Har da na tukunyar miya."

Dariya ta ɓarke. Jatau ya haɗe rai, ya ce su jahilai ne, ba su san duniya ba.

Daga tagar gidan shayin ana hango dutsen. Ya tashi ƙiƙam a bayan gari, jikinsa kore shar da itatuwa, kansa ya shige cikin gajimare. Na-Kwari ya ce akwai wani tsohon ɗakin ibada a can ƙoli, kuma an sassaƙa matakala tun daga ƙasa har sama, sun haura dubu uku. Wanda ba zai iya ba, akwai wani akwati mai tafiya a jikin waya, ya shiga a kai shi.

Alhaji Na'iya ya dubi dutsen, ya dubi Jatau, ya dubi Ilu.

"To, Allah ya kawo mana alƙali," ya ce. "Madugu da ƙafa yake aiki. Kasuwannin ƙasar nan tun safe ake yawo har faɗuwar rana, shi ne a gaba. Gobe mu tsofaffi za mu shiga akwatin waya mu jira ku a sama. Ku biyu ku bi matakala. Wanda ya riga isowa da ƙafarsa, sanda tasa ce. An yarda?"

"Ranka ya daɗe," in ji Jatau, "wannan ai zalunci ne. A ba Ilu ratar awa biyu mana."

"Na yafe," in ji Ilu.

Washegari da hantsi aka hallara a gindin dutse. Ilu ya zo da 'yar shara da takalmin roba, ya sayi sandar gora a bakin ƙofa. Jatau kuwa sai ga shi buguzum-buguzum cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci har tana ƙara, ga doguwar hula, ga takalmin fata mai tsini. Ai dole hoton karɓar sanda ya yi kyau.

"Taubashi, biki za ka ko hawan dutse?"

"Bikin naɗina za ni. Kai kuma da sandar makafi, Allah ya ba da sa'ar bara."

Tsofaffi suka nufi wajen akwatin waya tare da Na-Kwari. Jatau ya tattare riga ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Bismillahi!" Ya zabura. Fafafa! Yana tsallake matakala bibbiyu don waɗanda ke waiwaye su gani. Nan da nan ya sha kwana ya ɓace wa Ilu.

Matakala ɗari. Numfashi ya soma fita kamar zugazugin maƙeri. Ɗari da hamsin. Gwiwoyi suka soma gardama. Ɗari biyu. Idanu suka soma ganin taurari da rana tsaka. Ya kai wani ɗan fili da aka yi don hutawa, ya zube a kan benci, jagwab! Ya ɗaga kai ya dubi sama. Matakala sun miƙe sun yi ta tafiya kamar ba su da niyyar tsayawa sai sun kai sama ta bakwai. Wata tsohuwa mai furfura, da kwando a baya, ta zo ta wuce shi sumul, har tana 'yar waƙarta.

"Na shiga uku," in ji Jatau a ransa. "Yau Ilu zai mayar da ni abin tashe."

Can ƙasa kuwa ya soma jin sandar gora. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ba sauri, ba tsayawa.

Yana cikin zare ido sai ya hangi wasu mutum biyu a gefen filin, zaune a gindin bishiya. Gabansu ga wata kujera ta gora, an ɗaure ta a tsakiyar dogayen sanduna biyu. Sana'arsu ke nan: wanda ƙafa ta gaza, su ɗauke shi a kafaɗa su hau da shi. Ɗaya dattijo ne mai 'yar ƙasumba, ɗayan gajere mai kaurin wuya. Dukansu biyu in ka haɗa ba su kai Jatau ba.

Jatau ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya yafito su da hannu.

Suka zo suka tsaya. Suka zagaye shi sau ɗaya, suna dubansa sama da ƙasa kamar masu taya bijimi a kasuwar shanu. Gajeren ya ce wani abu, dattijon ya ja dogon numfashi. Sannan dattijon ya nuna sama da yatsa, ya nuna ƙasa, ya tsaya yana jiran amsa. Tambayarsa ita ce: kai kawai, ko kai da dawowa?

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ina Jatau ya ga ta tsayawa fahimta? Ya gyaɗa kai ga sama, ya gyaɗa kai ga ƙasa, ya cusa musu kuɗi a hannu, ya faɗa cikin kujera. Gora ta ce ƙiiiƙ! Mutanen suka durƙusa, suka sa kafaɗa, suka yi nishi, suka miƙe. Sai sama.

Da fari Jatau ya ja hannun babbar riga ya lulluɓe fuska, ya ƙudundune kamar amaryar da za a kai ɗaki. Amma tafiya ta yi tafiya. Sandar Ilu ta daina jiyuwa. Iska mai sanyi ta soma busowa, kujera na ɗan lilo a hankali. Ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Ga ruwa na zubowa daga kan duwatsu fari fat kamar an kwance rawani. Ga itatuwa sun fito daga tsagin dutse sun miƙa rassa a kan rami. Ga gajimare a ƙasan ƙafarsa. Ga shi kuma a sama, a kafaɗar mutane.

Masu hawa da masu saukowa suka soma tsayawa suna kallo. Ba su taɓa ganin irin wannan riga ba. Wayoyi suka tashi, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Wasu na ɗaga masa hannu, wasu na tafi.

Nan fa kan Jatau ya kumbura. Ya manta ɓuya yake yi. Ya baza riga ta sauko ta gefen kujera, ya karkata hula, ya dunƙule hannu yana jinjina wa jama'a.

Abu ɗaya ne kawai ya ɓata masa rai. Masu ɗaukar nan suna da wani kira da suke yi don ƙafafunsu su daidaita. Na gaba ya ce, "Hei!" Na baya ya amsa, "Ho!" Hei, ho. Hei, ho.

"Wannan wace irin waƙar banza ce?" in ji Jatau. "A ɗauko mutum kamata, jama'a na kallo, a rasa abin faɗa sai hei-ho? Ba ku san kirari ba ne a garin nan?"

Ya zunguri dattijon da ke gaba da tsinin takalmi. Mutumin ya waigo. Jatau ya bugi ƙirji.

"Jatau! Ka ce Jatau!"

"Ja… tau?"

"Yauwa, ɗan albarka!"

Ya juya ga gajeren da ke baya, ya buɗe hannuwa ya kwatanta girma.

"Kai kuma, Giwa! Gi-wa!"

"Gi-wa!"

"Madalla! To a haɗa!"

Abin mamaki sai kirarin ya zauna daram a kan takunsu. Na gaba ya taka: "Ja-tau!" Na baya ya taka: "Gi-wa!" Ja-tau, Gi-wa. Ja-tau, Gi-wa. Duwatsu na amsawa. Masu yawon buɗe ido suka ɗauka, suna yi suna dariya. Jatau ya so ya ƙara musu da "na gaban dubu, dodon Ilu," amma abin ya yi musu tsawo, sai ya haƙura da biyun. Daɗi ya kashe shi har ya laluba aljihu ya miƙa wa kowannensu ɓarin goro, yadda ake yi wa maroƙa. Dattijon ya gatsa, fuskarsa ta yamutse kamar tsumma, ya haɗiye don kunya.

Haka aka yi ta tafiya, ana hutawa ana tashi, kirari bai yanke ba. Sai da rufin ɗakin ibadar ya bayyana ta tsakanin itatuwa sannan hankalin Jatau ya dawo jikinsa. Ya daddaki sanda.

"Tsaya! Tsaya! A nan!"

Suka sauke shi a bayan wani ƙaton dutse, saura kwana ɗaya a fita fili. Ya kaɗa musu hannu.

"Ku tafi. Na sallame ku. Ku ɓace!"

Suka gyaɗa kai, suka zube a ƙasa suna matsa kafaɗu. Su a saninsu cewa ya yi su jira.

Jatau ya buɗe gorar ruwa ya tuttule a ka, ya zuba a ƙirji da hammata. Ya ɗebi ƙasa ya shafa wa takalmi. Ya ɗan yamutsa riga. Sannan ya kama matakala talatin da suka rage, waɗanda su kaɗai suka ishe shi haki na gaskiya.

A sama, Alhaji Na'iya da sauran tsofaffi na zaune a kan dakali, sun lulluɓa da mayafai suna kallon ikon Allah. Kawunan duwatsu sun leƙo ta cikin gajimare kamar tsibirai, ana buga wata babbar ƙararrawa a ɗakin ibada, gummm. Sai ga Jatau ya ɓullo, sharkaf.

"Salamu alaikum! Ina fata ban sa ku jira ba?"

Na-Kwari ya dubi agogo, ya sake duba.

"Alhaji, ko samarin garin nan ba sa hawa da wannan saurin."

"Samarin garin nan jikokin fatake ne? Ai ma na ɓata lokaci. Sau biyu ina tsayawa taimakon mutane. Wata tsohuwa har kwandonta na ɗaukar mata."

"Ina Ilu?" in ji Alhaji Na'iya.

"Wayyo, Ilu! A aika masa da ruwa, ranka ya daɗe. In da hali a haɗa da likkafani."

Sai da aka yi fiye da awa guda sannan aka ji ƙwas… ƙwas… ƙwas. Ilu ya fito yana jan ƙafa, leɓɓansa sun bushe, rigarsa ta manne a jiki. Ya ga Jatau zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana cin gyaɗa. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ka riga ni, taubashi. Ban zaci haka ba. Allah ya taya ka riƙo."

Alhaji Na'iya ya jujjuya sanda a hannu. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma magana ya riga ya yi ta a gaban mutane. Ya miƙe da ƙyar.

"To, ku matso."

Aka yi da'ira. Na-Kwari ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Jatau ya gyara hula, ya tura tumbi gaba, ya miƙa hannu biyu.

Sai aka ji ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Mutum huɗu suka ratso da'irar, ɗauke da kujerar gora ba kowa a ciki. Dattijo mai ƙasumba a gaba, gajere a baya, da wasu ƙarfafa biyu da suka gayyato. Sun gaji da jira, ga rana na yi. Suka dire kujerar a gaban Jatau daidai. Dattijon ya kakkaɓe wurin zama da tawul ɗinsa, ya daddaɓa shi, ya yi wa Jatau murmushi har kunne.

Gumi na gaskiya ya karyo wa Jatau.

"Su wane ne waɗannan?" in ji Alhaji Na'iya.

"Oho! Masu neman ciniki ne. Na-Kwari, kore su, muna abin arziki."

"Kamar sun san ka fa," in ji Ilu.

"Ni? Ban taɓa ganinsu ba! Ina zan san su? Kai, ku tafi! Shuu!"

Alhaji Na'iya ya sauke sandar, ya dogara a kanta. Ya dube shi ido cikin ido, ya kira shi da muryar da uba ke kiran ɗa.

"Jatau."

"GI-WA!" in ji gajeren, da iya ƙarfinsa.

Kowa ya waiga ya dubi gajeren.

Ilu ya ɗago kai a hankali. Gajiyar nan duk ta gudu daga fuskarsa. Ya matso kusa da mutanen, ya gyara murya.

"Jatau?"

"Gi-wa!" Wannan karon su biyu.

"Jatau!"

"GI-WA!"

Wasu masu yawon buɗe ido da suka iso daga baya suka ji, suka gane mai babbar riga. Suka yo caa da wayoyinsu suna tafi. "Ja-tau! Gi-wa! Ja-tau! Gi-wa!" Dutse ya ɗauka gaba ɗaya.

Tsofaffin nan suka zube. Wani ya riƙe ciki, wani ya riƙe dakali, wani hularsa ta faɗi bai sani ba. Alhaji Na'iya yana so ya riƙe girma, gemunsa na rawa, ƙwalla na zuba.

"Sharri ne!" in ji Jatau. "Ilu ne ya koya musu! Haɗa baki aka yi!"

"Taubashi," in ji Ilu, "da ni na koya musu, ai ba giwa za su ce ba."

Na-Kwari ya tambayi dattijon da yarensu. Mutumin ya yi bayani, yana nuna ƙasa, yana nuna sama, yana nuna kafaɗarsa da ta yi jawur.

"Ya ce tun daga wurin hutawa na farko suka ɗauko shi," in ji Na-Kwari. "Ya ce Alhaji ya biya kai da dawowa, su kuma ba sa cin abin da ba su yi aikinsa ba. Don haka ba inda za su sai da shi."

Alhaji Na'iya ya share ido da gefen mayafi. Ya juya ya miƙa wa Ilu sanda. Na-Kwari ya ɗauki hoto, Jatau na gefe da hannuwa biyu a miƙe, ya manta bai sauke su ba.

"Ni da ƙafata zan sauka!" ya ce da ya farfaɗo. "Yanzu za ku gani!"

Ya taka fuu zuwa bakin matakala. Ya leƙa. Suka gangara siriri, tsaye, har suka shige cikin gajimare, rami ta hagu, rami ta dama. Ya ja da baya taku ɗaya. Ya ƙara ɗaya. Ya waiga wajen akwatin waya, sai ya ga sabon madugu ya tare hanya da sanda mai kan azurfa.

"A'a, taubashi. Bayin Allah sun ce ba sa cin haram, kada ka sa su. Hau."

Jatau ba yadda ya iya. Ya tattare shaddarsa da ta jiƙe, ya zauna a hankali, ya ja hula ya rufe ido. Gora ta ce ƙiiiƙ. Mutum huɗu suka tofa yawu a hannu, suka durƙusa.

"Na-Kwari," in ji Ilu, "tambaye su mana. Su biyu suka hawo da shi, me ya sa saukowa sai huɗu?"

Na-Kwari ya tambaya. Dattijon ya dubi Jatau, ya girgiza kai, ya yi magana mai ɗan tsawo yana matsa wuya. Na-Kwari ya buɗe baki zai fassara, dariya ta shaƙe shi. Ya sake gwadawa, ta sake shaƙe shi. Sai a na uku.

"Ya ce jiya firji suka hawo da shi, ƙato mai ƙofa biyu, na wani mai shago a nan ƙoli. Ya ce firjin ya fi sauƙi. Kuma shi bai ce a yi masa kirari ba."